Koren Dutse a Hannun Ƙanwata

Ƙarfe tara da kwata na safiyar wata Talata ne, kuma mu uku ne a rumfar banda: ni, da mahaifiyarmu da muke kira Inna, da ƙanwata, autar ɗakinmu. Na san lokacin ne domin na ɗauko waya in duba ko kifin da ke kan wuta ya isa juyi. Ban gama ajiye wayar ba na ji Auta ta ja iska ta haƙora. Ƙurungu take gyarawa, ya zille mata, ƙayar gefensa ta shige gindin babban yatsanta na hagu, ta karye a ciki.

Duk wanda ya tashi a bakin kogin Haɗejiya ya san ƙayar ƙurungu. Zafinta kamar harbin kunama, ga ƙananan haƙora a jikinta, shiga ba wuya, fita ce aiki. Babu wadda ba ta taɓa soka ba a cikinmu, don haka ba wadda ta ko miƙe tsaye. Inna ta turo tukunyar ruwan zafi, ni kuma na ƙona allura na tono guntun da idona ya iya gani. Auta ta tsoma hannun a ruwa tana tsine wa kifin da iyayensa.

A wannan hannun take sanye da awarwaron dutse. Dole in koma baya in faɗi yadda ya shigo gidanmu, domin ba na son labari mai tsallake.

Mijin Auta yana sayar da kayan gyaran injin ban-ruwa. Akwai shekarar da ubangidansa na Kano ya tafi da shi ƙasar Sin sayen kaya, to a wannan tafiya ya kawo mata shi tsaraba. Ba mu taɓa ganin irinsa ba. Kore ne, amma ba koren ganye ba, ya fi kama da ruwan fadama idan rana ta faɗa cikinsa, da wani fari-fari a gefe ɗaya kamar hayaƙi. Ba shi da maɓalli, ba shi da mahaɗa, daga dutse ɗaya aka fafe shi. Nauyinsa ya fi girmansa. Ko a tsakiyar bazara ka ɗora shi a kumatu sanyi za ka ji. Mijin ya rataye shi da zare ya ƙwanƙwasa da cokali, ya yi wata ƙara siririya mai daɗewa. Sannan ya ɗauki wuƙa ya karta a gabanmu. Wani layi mai toka-toka ya fito, ya goge da yatsa, sai ga dutsen sumul. Wuƙar ce ta ci, ba dutsen ba. Ya ce Turawa na kiransa jed. Mu dai koren dutse muka ci gaba da ce masa.

Ya zo da dokokinsa, kuma na riƙe su domin ni ce na fi kowa saurare. Kada a kai shi kusa da wuta mai ƙarfi. Kada ya taɓa ruwan da ake jiƙa farin kaya. A wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanka, a goge da tsumma mai laushi. Kada a buga shi da turmi ko bakin rijiya. Saboda dokar wuta ne Auta take naɗe shi da ƙyalle duk ranar da za ta tsaya a kan banda.

Bayan dokoki sai abin da mai sayarwar ya gaya masa. Wai ba a cire shi, da shi ake kwana da shi ake tashi, har ya san mai shi. Wai idan jikin mai shi na lafiya korensa ƙaruwa yake yi. Wai kuma idan wata masifa ta nufo mai shi, dutsen ne zai tare ta, ya tsage, mutum ya tsira. Saboda ba a cirewa, ƙarami ake zaɓa. Da sabulu da leda aka tura shi hannun Auta, tana hawaye tana dariya, har ya wuce ƙashin yatsa ya zauna. A lokacin siririya ce. Bayan nan ta yi haihuwa biyu, jiki ya zauna mata.

Ni dai ban so abin da ke shiga ba ya fita ba. Inna kuwa ta karɓe shi hannu biyu. 'Yar makiyaya ce kafin aure ya kawo ta bakin ruwa, ta taso tana ganin duwatsun ado irin su tsakiya da murjani a wuyan mata, kowanne da aikin da aka ce yana yi, wannan na bakin mutane, wancan na tsayar da jini. Dutse mai aiki ba baƙo ba ne a wurinta.

To, mu dawo ranar Talata. Da ruwan ya huce ta fito da hannun, na ce, “Cire abin nan tun hannun bai tashi ba.”

“Yaya, ke kam tun ranar da aka sa shi kike neman hanyar raba ni da shi. In so kike ki faɗa, a sayo miki naki.”

“Da wa zan yi wa kwalliyar, da tarwaɗa? Kawo hannun.”

Na shafa sabulu. Na sa leda. Na ƙara da man gyaɗa. Yana tafiya har ya iso ƙashin babban yatsa, daidai inda ƙayar ta shiga, sai ya tsaya. Na matsa, ta fizge hannunta ta ɓoye a hammata.

Inna ta ce, “Ke, rabu da yarinya ta huta. Ƙaya ce fa, ba maciji ba. In ya matse ba sai a fasa ba? Ƙarau nawa na fasa a hannunku?”

Wannan maganar sai na yi bayaninta ga wanda bai sani ba. Ƙarau shi ne awarwaron gilashi da ake saya wa 'yan mata da Sallah. Shi ma ba shi da maɓalli. Yarinya za ta yi ta girma da shi har ya ƙi fita, sai uwa ta ɗora hannun a kan turmi, ta ɗan taɓa shi da bayan wuƙa, ya zube. Ba a ko sa ranar yin haka, aikin tsakanin tuwo da miya ne. Wannan shi ne abin da kowace mace a ƙauyenmu ta sani game da awarwaron da ya matse, kuma shi ya sa ba wanda ya ga dalilin gaggawa. Mun ga wuƙa ta kasa kartarsa da idonmu, amma wancan wasan tsaraba ne, ba wanda ya haɗa shi da wannan.

A makon ne kuma ruwa ya zo. Ba na sama ba, na kogi, wanda ke tahowa daga yamma ko da sama tana wasai. Ya cinye hanyar da ke fitar da mu zuwa titi tun ranar Lahadi. Maza duk suna kan jinga, wato tudun ƙasar da ya tsare gari daga kogi, suna cika buhuna da yashi. Shi ya sa ma Auta ta kwaso 'ya'yanta ta dawo gidanmu, domin ɗakinta ya fara tsattsafo da ruwa ta ƙasa, mijinta kuma yana Kano. Mai kemis ɗin da muke zuwa yana ƙauyen gaba, ruwa ya shiga tsakaninmu da shi.

Ranar Laraba hannun ya tashi kamar kwaɓin fanke da ya kwana. Bayan hannun ya yi sheƙi, ramukan gaɓoɓi sun ɓace. Da hantsi Inna ta jawo ta tsakar gida inda rana take, ta kama awarwaron tana juya shi a hankali, tana kai idonta kusa. A ranar yana juyawa. Ta zagaya da shi gaba ɗaya, ta sake zagayawa, sannan ta sake shi.

“Babu ko tsaga,” ta ce. “Da abin mai tsanani ne da ya nuna.”

“Inna, hannun ai ya nuna.”

“Hannu kumburi ne, kowa na yi. Ke ma kin yi bara, har kika kasa ɗaura zani.”

“Ni ba ni da dutse a hannu.”

Auta ta ce, “Ku yi ta yi, ni dai a ba ni koko. Ciwo a hannu yake, ba a ciki ba.”

A ƙauyenmu waya ba ta samun layi sosai sai a kan jinga. Na hau na kira mijinta. Daga inda na tsaya, ruwan bai fi kamu ɗaya ya taɓa buhun ƙarshe ba, kuma ba ya motsi, ba ya ƙara, sai dai in ka sa ido a kan wani kara ka ga yana nitsewa. Na gaya masa abin da ya faru daki-daki, na ce zan fasa.

Ya ce, “Yaya, don Allah a dakata. Mutumin ya ja min kunne a kan wannan. Ya ce in ya tsage da kansa ya ɗauke abin, amma wanda ya fasa shi da hannu ya buɗe wa abin ƙofa ne.”

“Mutumin yana can Sin, hannun yana nan.”

“Na sani, Yaya. Ya tsage?”

“Bai tsage ba.”

“To, alhamdu lillahi. A ci gaba da gasawa. Jibi ina tafe in Allah ya so.”

Na sauko. A gidan nan mutum biyu suna kallon dutse don su san halin da hannu yake ciki, ɗaya a tsakar gida, ɗaya a Kano. Muddin yana nan lafiya, to a wurinsu ita ma lafiya take.

Ranar Alhamis Inna ta sake jawo ta rana, amma awarwaron ya ƙi juyawa. Nama ya taso ta gabansa, ya taso ta bayansa, ya nutse a tsakani kamar igiyar da aka ɗaure buhu da ita. Yatsun sun buɗe, ba sa haɗuwa. Farcen babban yatsa ya yi launin toka. Zazzaɓi ya rufe ta, ta ƙi kokon da ta nema jiya. Na taɓa hannun, zafi rau kamar murfin tukunya. Na taɓa dutsen, yana nan da sanyinsa.

Ta ce, “Nan ne kaɗai wurin da ke min daɗi, Yaya.”

Ban sake tambayar kowa ba. Na kife turmi, na shimfiɗa zani, na ɗora hannunta. Inna ta tsaya a ƙofar ɗaki ta juya mana baya, ba ta hana ba, ba ta taya ba. Na fara da bayan wuƙa, yadda ake yi wa ƙarau. Ya yi ƙara, shi ke nan. Na ɗauko muciya. Na ɗauko gudumar da muke kafa turakun rumfa da ita. Duk bugun da na yi ba a dutsen yake tsayawa ba, wucewa yake cikin naman da ke ƙasa. A bugun ƙarshe Auta ba ta yi kuka ba, kanta ne ya langaɓe a kafaɗata. Na ajiye gudumar na duba. Ko ƙwarzane babu.

Na aika aka sauko da maƙerin garinmu daga kan jinga, dattijo ne, shi ke yi mana fartanya da ƙugiya. Ya zo da laka har gwiwa, da zarton ƙarfe da magagari. Ya zauna ya gyara zama, ya ɗora magagarin. Zamewa yake kamar a kan sabulu. Ya ɗora zarton, ya ja ya tura, ya ja ya tura, Auta na cije da gefen mayafi. Ya ɗaga zarton ya duba haƙoransa a rana, ya shafa su da yatsa.

Sannan ya ce, “'Yata, wannan ba aikina ba ne. In na ɗora shi a kan uwar maƙera na ba shi guduma da gaske, zai fashe. Amma tare da ƙashin zai fashe. Ku nemi jirgi.”

Inna ta ce daga ƙofar ɗaki, “Kun gani ko? Riƙe yake da abin. Ku kuna ta dukansa, shi yana aikinsa.”

Maƙerin ya tattara kayansa, ya sake cewa da ni a hankali, “Ku nemi jirgi.”

Lokacin la'asar ta wuce. Mai kwale-kwalen da ke fito da mutane zuwa titi ya dubi gabas inda hadari ya haɗu, ya ce ba zai shiga kacala da yamma ba ko da uwarsa ce. Kacala ita ce doguwar ciyawar da ta cinye mana fadama, ta fi mutum tsawo, kuma hanyar jirgi a cikinta siririya ce, sai wanda ya sani. Ban yi musu da shi ba, gaskiya ya faɗa. Muka tsayar da bayan sallar asuba.

Ranar Juma'a muka shiga jirgi, ni da Auta da mai tuƙi. Inna ta tsaya da yara. Na kwantar da Auta a jikina, na ɗaga hannun sama na ɗaure shi da ɗankwali a kafaɗata. Daga bakin jinga zuwa inda ido ya tsaya ruwa ne. Muka bi ta kan gonar shinkafarmu, na gane ta ne da itacen giginyar da ke kan iyaka. Muka wuce kan dawar mutane, zangarniya kawai ke leƙowa. A wani tudu shanu sun cunkushe, masu su na tsaye a tsakiya da sanduna, ba wanda ya ɗaga mana hannu. Ba zakara, ba daka, ba kiran kowa, sai ƙarar gora tana shiga ruwa tana fita.

Da muka shiga kacala sai haske ya ragu. Ciyawar ta rufe mu ta dama da hagu, sauro ya taso duk da safiya ce. Can cikin tafiya mai jirgin ya tsaya. Iskar jiya ta turo wani dunƙulen ciyawa ta toshe hanyar. Ya ɗauko adda ya fara sara, yana janyewa da gora, yana duba kowane dami kafin ya taɓa, domin macizan da ruwa ya kora duk a nan suke fakewa. Na ga ɗaya ya naɗe a jikin kara, bai kula mu ba.

A nan ne Auta ta buɗe ido ta ce, “Yaya, yatsu nawa kike gani a hannun nan?”

“Biyar. Nawa kike so su zama?”

“Ni uku nake ji.”

Na ce ta yi shiru ta yi salati. Mai jirgin ya ji, bai waiwayo ba, amma saransa ya ƙara sauri. Wari ya fara fitowa daga ƙarƙashin ɗankwalin, irin wanda na sani daga kwandon kifin da ya kwana ba gishiri. Wani jan layi kuma ya taso daga awarwaron ya nufi gwiwar hannu. Dutsen kuwa, a cikin duhun ciyawar nan, bai taɓa yin kyau irin na ranar ba.

Rana ta ɗaga sosai kafin mu ga titi. Wata motar ɗaukar kaya ta kai mu Haɗejiya.

A asibiti malamar da ta kwance ɗankwalin ta fita da sauri ta dawo da likita. Ya tambaye ni yaushe abin ya faru, na faɗa masa daga Talata zuwa ranar, ban rage ba ban ƙara ba. Bai yi faɗa ba. Suna da wani ɗan ƙarfe da suke yanke zobe da shi, aka kawo, aka gwada. An yi shi ne don zinariya da azurfa, bai ko kama ba. Likitan ya ce akwai ruwan ciwo a ciki da dole a fitar, kuma jini ba ya kai wa yatsun, don haka abin nan sai ya fita a yau. Ya tambaya ko a cikinmu akwai wanda ya san mai sa tayil a gini, domin faifan da suke yanka tayil da shi yana cin dutse.

Yana cikin wannan magana mijin Auta ya shigo, daga tasha ya wuto domin na kira shi tun muna hanya, jakarsa a kafaɗa. Ya dubi hannun. Likita ya maimaita masa abin da ya ce.

Ya ce, “Likita, babu yadda za a yi a zare shi lafiya?”

Auta, da muke zaton ba ta ji, ta ce ba tare da ta buɗe ido ba, “Malam, wa kake tambaya wa, ni ko shi?”

Ya ajiye jakar a ƙasa ya fita. Ba a idar da sallar Juma'a ba ya dawo da wani mutum fari fat da ƙurar siminti, riƙe da injinsa. Mutumin ya ga abin da aka kira shi yi, ya ja da baya, ya ce shi bai taɓa yanka a jikin ɗan Adam ba. Likita ya ce shi zai riƙe hannun, shi zai ce tsaya.

Ga yadda aka yi. Aka yi mata allura. Aka daddage aka cusa wani siririn ƙarfe mai faɗi tsakanin dutsen da fata. Aka rufe sauran hannun da jiƙaƙƙen tawul, aka rufe mata fuska. Malamar ta riƙe buta tana zuba ruwa a kan dutsen don kada ya yi zafi. Ni na danne kafaɗa. Mijinta aka ce ya tsaya waje, ya ƙi, ya tsaya jikin bango. Da injin ya taɓa dutsen sai ya yi wata ƙara da ta shiga min haƙora, wani farin ruwa kamar tsinkakken koko ya riƙa gangarowa cikin kwano. Mutumin yana taɓawa yana ɗagawa, yana taɓawa yana ɗagawa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Da ya huda gefe ɗaya na ɗauka an gama. Ashe ba ya buɗewa kamar ƙarfe, sai da aka juya hannun aka yanka ɗaya gefen. Sannan ya rabu biyu, likita ya ciro kowane ɓari daga cikin naman da yatsunsa.

Inda ya zauna ya bar rami zagaye, fari a tsakiya, baƙi a gefe. Aka tura ta ɗakin aiki, aka rufe ƙofa.

Hannun ya tsira. Babban yatsa bai tsira ba, an cire shi daga gaɓar sama. Manuniya tana nan amma ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Likitan ya gaya mana a fili cewa guntun ƙayar da ya rage a ciki shi ya kawo ciwon, kuma irin wannan suna gani kullum su wanke su ba da magani mutum ya koma gida. Abin da ya mayar da shi haka shi ne hanyar da aka toshe. Auta ba ta iya riƙe kifi ta gyara yanzu. Ita ke kula da wuta, ita ke zuwa kasuwa. Ta koyi ɗaura zani da goya yaro da abin da ya rage mata. Bakinta dai bai mutu ba, takan ce ƙurungun ya ci nasa rabon kafin mu ci namu.

Da nan labarin ya tsaya da ban rubuta shi ba.

Bayan ruwa ya janye muka koma gida, 'yan dubiya suka yi ta zuwa. Mijin ya kawo ɓarin nan biyu a aljihu, Inna ta karɓa ta wanke su da ruwan ɗumi, ta ajiye a cikin kwalla. Duk wadda ta zo sai ta buɗe mata. “Ga shi nan. Shi ya ɗauke. Da ba don shi ba da gawa za a dawo min da ita.” Nakan ce, “Inna, injin tayil ne ya yanka shi.” Takan ce, “To da me kike so ya rabu? Komai ai da sanadinsa.” Malamin makarantarmu ta matan aure ya yi wa'azi a kai, ya ce dutse ba ya tare wa kowa ƙaddara. Matan suka ce gaskiya ne, suka fito suka biya ta gidanmu ganin kwalla.

Da rani na kai banda kasuwar Kirikasamma. Wata mata da ba ta san ni ba tana taya kifi, tana ba ta kusa da ita labari. Wai a wani ƙauye wata ta taka abin da aka binne mata, tana cikin jirgi rai a hannun Allah, sai awarwaron dutsen da ke hannunta ya yi ƙara ya rabe biyu da kansa, nan take ta tashi zaune ta nemi abinci. Na ce mata ba haka aka yi ba, ni ce yayarta, ni na danne kafaɗa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “To, haka dai aka ce,” ta ɗauki kifinta ta tafi.

Mata sun yi ta aiko wa mijin Auta ya sayo musu irinsa, yana ƙi. Amma ba shi kaɗai ke zuwa Kano ba. Yanzu ina ganinsu a faifan masu koli, kore-kore, an jera su kusa da kwalli da jan baki. Wasu gilashi ne da aka rina, wasu dutse ne na gaske, ni ba na iya bambancewa da ido, mai sayarwa ma ba lallai ya iya ba. A wani suna da na je kwanan baya na ga ana tura ɗaya a hannun wata budurwa da sabulu da leda, tana hawaye tana dariya, ƙawayenta na cewa ta daure, ƙarami shi ne mai kyau. Gidansu masunta ne.

Mai karatu, abu biyu nake roƙonka, kuma a jere. Idan akwai mai irin wannan awarwaro a gidanku, a sa sabulu yau a gwada, tun hannun yana lafiya. In ya fita, a riƙa cire shi duk ranar da ƙaya ko ƙugiya ko kunama ta taɓa hannun, a cire kafin a nemi ruwan zafi. In ya ƙi fita, kada a ce za a fasa in ta kama, a kai a yanke shi cikin kwanciyar hankali. Na biyu, idan labarin matar jirgin nan ya iso kunnenka, don Allah kada ka yi shiru. Ka ce musu bai tsage ba, yanka shi aka yi, kuma matar tana nan da rai da yatsu huɗu da rabi, biyu daga ciki ba sa aiki.